Mai Rake da Ɗalibin Ingilishi

Daga ƙarshen kaka har ɗari ya yi nisa, wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Damagaram ta nufi Magarya ba zai rasa ganin rake ba. A Dogo da ƙauyukan bakin Korama ana saro ta daga fadama, a ɗaure dami-dami, a loda wa amalanke, wata ta tsaya a bakin titi, wata ta wuce birni. Mai sayarwa kuwa ba ya buɗe ciniki sai ya kwance dami ya baje. Zai ɗaga kara ɗaya, ya jinjina nauyinsa, ya dubi tsawon gaɓa, ya jingine shi dama. Na biye siriri ne, ya tura shi hagu. Wani ya fito da ɗan rami a gaɓa, alamar tsutsa ta shiga ta bar ja a ciki, wannan ƙarƙashin baro za shi, sai da yamma a ba yara. Kafin hantsi dami ɗaya ya zama kashi uku, kowane da kuɗinsa, kuma babu karan da aka bari a ƙasa ba shi da wurin zama.

Abin da mutumin nan ke yi da hannu shi ake nema ɗalibi ya yi da alƙalami. A Nijar yaro yana haɗuwa da Ingilishi ne a kwaleji, ajin siziyam, bayan ya gama firamare, kuma da yawa da littafin English for the Sahel suka taso. A wannan matakin gaisuwa ake nema, da lokutan aikatau, da ɗan labarin abin da ka yi jiya. Amma ranar da ya shiga sashen Ingilishi na Jami'ar André Salifou ta Damagaram, wadda aka kafa a 2010, ko ya tsallaka Kano ko Zariya neman digiri na biyu, sai a ce masa rubuta memwar, wato kundin bincike. Ban taɓa buɗe memwar da ba a kasa wani abu a cikinta ba: ire-iren kurakuran ɗalibai, nau'o'in ƙasar noma, rukunan mutanen da aka yi wa tambayoyi. Ilimin boko rabinsa kasa kaya ne. Tun Linnaeus, mutumin Suwidin, ya fitar da Systema Naturae a 1735 ya jera halittu rukuni cikin rukuni, malaman kimiyya suke ta baje dami suna warewa.

Wanda ya fi kowa sauƙaƙa wa malaman Ingilishi wannan lamari shi ne Louis Trimble, malami a Jami'ar Washington da ke Siyatul a Amurka. A littafinsa na 1985, English for Science and Technology, ya nuna cewa cikakken rarrabewa abu uku yake faɗa wa mai karatu: abin da ake kasawa, rukunin da ya faɗa, da ma'aunin da aka yi rabon da shi. Idan aka faɗi biyun farko aka bar ma'auni, rabo ne mai giɓi. Akwai kuma wanda marubuci bai ma ce yana kasa komai ba, amma rabon na nan kwance cikin bayaninsa, sai mai karatu ya tono shi da kansa. A idona na ukun nan, wato ma'auni, shi ne dukan darasin. Sauran ado ne.

A nan ne mai rake ya fi ɗalibi hutu. Yaro zai tsaya gaban baro ya ce, "Baba, wannan nawa?" Ya ce, "Wanne, ɗana? Na dama ko na hagu?" Ba sai ya yi bayanin da me ya raba su ba, domin yaron yana gani da idonsa cewa na dama kauri gare su. In ya yi shakka ya ɗaga ya ji nauyi. Mai karanta memwar ba shi da wannan dama. Yana iya kasancewa a Yamai ko a Landan, bai taɓa ganin Korama ba, ba zai taɓa kayan da hannu ba, abin da ke gabansa tawada ce kawai. Shi ya sa Ingilishin ilimi ya tanadi 'yan kalmomi da aikinsu kenan, su tsaya a madadin idon mai saye: "according to", "on the basis of", "in terms of", "depending on". Ɗalibin da ya rubuta cewa rake ta kasu uku ya tsaya nan, ya bar mai karatu a duhu. Wanda ya ƙara da "according to thickness" ya kunna masa fitila, kuma ya ɗaure kansa da igiya, don daga nan duk kashin da zai ambata tilas kauri ne ya haife shi.

Hannun mai rake hanya biyu yake bi, kuma kowace da irin jimlarta. Da safe daga dami yake farawa, ya raba zuwa kashi-kashi. Wannan ita ce jimlar da ke sauka daga sama: "can be divided into", "may be classified into", "there are three main types of". Amma da rana, in manomi ya kawo masa ragowar kara biyar, ba ya sake baje komai, sai ya ɗauki kowane ya duba inda ya dace ya saka. Jimlar wannan hawa take yi daga ƙasa: "belongs to", "falls into", "is a type of", "is classified as". Na lura ɗalibai sun fi riƙe ta farko, saboda ita ake rubutawa a allo. Ta biyu kuwa ita ce aka fi bukata a babin sakamakon bincike, inda kake riƙe da kuskure guda na wani yaro ɗan turwaziyam, ajin ƙarshe na kwaleji, kana neman ka ce ga gidan da ya faɗa. A lura da "into" da "as" bayan "classified": na farko yana biye da kashi da yawa, na biyu yana biye da suna ɗaya. Wanda ya musanya su ya juya hanyar kansa ba tare da ya sani ba.

Sai kuma wuƙa. Idan mai saye ba shi da kuɗin kara guda, mai rake zai kwantar da shi a bakin baro ya sare. Ga gindi, mai tauri amma mai zaƙin gaske. Ga tsakiya, wadda kowa ke so. Ga kai, lami-lami, wanda manomi ya fi so don shi ake binnewa ya tsiro. Nan ma an samu uku, amma ba irin ukun ɗazu ba ne. Siririn kara rake ne cikakke, kana iya cewa wani nau'in rake ne. Gindi kuwa yanki ne, babu mai cewa gindi nau'in rake ne. Malaman harshe na Sidni a Ostireliya, Michael Halliday da J. R. Martin, sun daɗe a kan wannan bambanci a littafinsu Writing Science na 1993, inda aka ware tsarin "wane iri ne" daga tsarin "wane sashe ne". Ingilishi ya ba na biyun nasa kayan aiki: "consists of", "is composed of", "is made up of", "comprises". Ɗalibi zai rubuta cewa tsarin ilimin Nijar "is classified into" firamare, kwaleji, lise da jami'a. To, waɗannan gaɓoɓin kara ɗaya ne, yaro ɗaya ke bi ta cikinsu ɗaya bayan ɗaya, don haka "consists of" ya kamata. Da a ce yana maganar makarantun gwamnati da masu zaman kansu ne, da ya yi daidai. Abin da ke ruɗarwa shi ne "divided into" yana shiga duka biyun, kamar yadda "raba" ke yi a Hausa. Gwajin da nake ba ɗalibi mai sauƙi ne: ɗauki kashi ɗaya ka sa shi cikin "wannan wani nau'in kaza ne". In ta zauna, warewa ka yi. In ta ƙi, sara ka yi.

Akwai wasu kurakuran da jan biro ke bi kullum, waɗanda yawancinsu Faransanci ne ya haife su. Wanda ya saba da "diviser en" zai rubuta "divided in". Mai "dépendre de" a baki zai ce "depending of". Ana samun "composed by", ana samun "three type of" babu alamar jam'i, ana mayar da "criteria" tilo alhali tilonsa "criterion" ne. Waɗannan ba sa hana ni barci. Mako biyu na gyara sun isa, kuma ko an bar su mai karatu zai gane abin da ake nufi. Abin da Faransanci ya bari wanda ya fi wuyar fita shi ne son uku. Yaron da ya sha disertasiyon a lise, inda aka horar da shi ya kawo ra'ayi, ya kawo kishiyarsa, ya sulhunta, yakan ji kamar rubutu bai cika ba sai da kashi uku. In kayansa biyu suka kasu, sai ya ƙago na uku ya cusa. Mai rake ba ya haka. Ranar da damin ya zo babu mai tsutsa, kashi biyu zai yi ya ci gaba da cinikinsa.

Abin mamaki shi ne yawancin yaran nan sun san wannan salo tun kafin su taka ƙofar lakwal. Wanda ya zauna a zaure ya ɗauki Ishmawi, da me littafin ya buɗe? Da abubuwan da ke warware alwala, aka kasa su gida biyu, hadasai da sababai, aka faɗi adadin hadasan, aka sake raba su bisa inda suke fita. Wanda ya kai Ajuruma, ta Ibn Ajurrum mutumin Fas da ya rasu a 1323, ya ji an kasa kalma uku, suna da aikatau da harafi, kuma an ba kowane alamar da ake gane shi da ita. Hukunce-hukuncen shari'a biyar kowa ya haddace su. Malamin zaure ya ce "ya kasu kashi biyu", almajiri ya san abin da ke biye: za a ambaci na farko, a gama da shi, a dawo kan na biyu, ba za a tsallake ba, ba za a ƙaro na uku a hanya ba. Wannan ita ce ƙa'idar sakin layin rarrabewa a Ingilishi, babu ragi babu ƙari: jimlar farko ta faɗi adadi da ma'auni, sauran su bi jeri yadda aka yi alkawari. Har ɓoye mai aikatawa da Ingilishin ilimi ke yi, inda ake cewa "are classified" ba a faɗi wa ya yi ba, Bahaushe na da shi a "an kasa" da "ya kasu". Sai dai ajin Ingilishi ba kasafai yake leƙa zaure ba. Ana koyar da abin kamar baƙo ne daga Ingila, yaro kuma ya karɓe shi a matsayin baƙo, ya haddace ya ajiye.

Babbar cutar ita ce gauraya ma'auni. A ce ɗalibi ya rubuta cewa manoman karkarar Dogo sun kasu huɗu: masu noman gero, masu noman rani, mata, da masu tafiya cin rani. Turancinsa lafiya lau, babu inda biro zai taɓa. Amma na farko amfanin gona ne ya raba shi, na biyu lokaci, na uku jinsi, na huɗu tafiya. Matar da ke noman albasa a fadama da rani kashi biyu ta faɗa. Magidancin da ya girbe geronsa ya wuce Kano neman kuɗi shi ma biyu. Mai noman gyaɗa kuwa babu inda aka ajiye shi. In ka tambayi ɗalibin, sai ya ce, "Mushe, ai duk akwai su a garin." Ƙwarai akwai su. Amma ka taɓa ganin mai rake ya yi kashin masu kauri, kashin farare, da kashin waɗanda aka saro ranar Talata? In kara mai kauri ne, fari, kuma na Talata, nawa zai sayar da shi? Shi kasuwa ce ke hora shi nan take, don kuskuren rabo asarar kuɗi ce kafin la'asar. Ɗalibi ba shi da mai hora shi sai malamin da ya karanta don ma'ana, kuma malamin da ke riƙe da takardun aji mai cunkoso yakan bi nahawu ne kawai, don shi ya fi saurin gani.

Ƙanwar wannan cuta ita ce "etc." Wanda ya ce abu ya kasu uku ya rufe ƙofa. Wanda ya ce "such as" ko "including" ya bar ta a buɗe, yana ba da misali ne kawai. Duka biyun halal ne. Abin da bai halatta ba shi ne ka ce uku, ka lissafa uku, sannan ka liƙa "etc." a wutsiya, ka rufe ƙofa kana riƙe da ita a buɗe.

Na daɗe ina ganin ɗan "can" da "may" da ke cikin "can be divided" ba a ba su haƙƙinsu a aji. Ana gaya wa ɗalibai ladabi ne na masu ilimi, kada ka cika baki. Akwai wannan, amma akwai abin da ya fi shi. Ɗauki takanɗa. A kasuwa kusa da rake take zama, mai sayar da wannan shi ke sayar da waccan, yara na shan su duka su tofar da tuka. A ma'aunin kasuwa gida ɗaya suke. Masanin tsirrai kuwa zai ce takanɗa dawa ce, Sorghum bicolor, rake kuma Saccharum officinarum, sai can sama a dangin ciyawa suke haɗuwa, inda gero da shinkafa da masara ma suke. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowa ya raba ne gwargwadon abin da zai yi da kayan. Shi kansa mai raken, da mai yin mazarƙwaila ne ya zo saye, ba zai damu da kyan gaɓa ba, yawan ruwa da zaƙi zai duba, kuma kashin zai canja. Saboda haka "can be divided" na nufin ga yadda na zaɓi in raba don aikin da ke gabana, wani na iya raba shi dabam. Ɗalibin da ya fahimci haka ya daina kwafo rabon wani littafi da aka yi don wata ƙasa ya ɗora wa fadamar garinsu.

Yadda ake koyarwa yawanci shi ne a ba da jerin jimloli. R. R. Jordan na Jami'ar Mancesta ya ware wa rarrabewa babi guda a Academic Writing Course tun 1980, kuma a wannan jami'ar John Morley ya tara taskar jimloli ta intanet, Academic Phrasebank, wadda ɗalibi ke iya buɗewa a wayarsa in akwai rezo. Ba na raina su. Jimlolin nan ƙayyadaddu ne ƙwarai, har ma a 1992 Marti Hearst, tana Bakli a Kalifoniya, ta nuna cewa kwamfuta na iya bin irin su "such as" cikin kundin sani ta tsinto wane abu ne nau'in wane. Abin da inji ke iya tsinta, yaro zai iya haddacewa cikin mako. Matsalar tana wajen jeri. In aka fara da jimlolin, yaro na samun kwano babu tuwo, sai ya zuba duk abin da ya samu. Ni da kaya nake so a fara. A zube wa aji abubuwa a gauraye, su ware da kansu, su yi gardama da Hausa in sun ga dama, kowane rukuni ya tashi ya faɗi da me ya raba. Sai bakinsu ya nemi "according to" sannan a miƙa musu.

Kuma ba sai an je nesa neman kayan ba. A rubuta harsunan da ake ji a kasuwannin Damagaram a allo: Hausa, Barbarci, Fillanci, Buzanci, Tubanci, Larabci, Faransanci, Ingilishi. A ce su kasa. Za su fara da na gida da na baƙi, sai Larabci ya tsaya musu a wuya, tunda akwai 'yan ƙasa da shi suka tashi. Daga nan malami ya kawo musu rabon magabata. A 1912 Bajamushe Carl Meinhof ya zuba Hausa da Fillanci da harshen Masai a buhu ɗaya ya kira shi na Hamawa, kuma cikin ma'auninsa akwai zancen launin fata da kiwon shanu, wanda ba ruwansa da harshe. Joseph Greenberg, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya zo ya ce harshe da harshe kawai za a auna, kalmomi da ƙwayoyin nahawu. A littafinsa na 1963, The Languages of Africa, Fillanci ya koma dangin Neja-Kwango, Barbarci da Tubanci suka shiga na Nilu da Sahara, Hausa kuma ta zauna a reshen Cadi na babban dangin da ya haɗa ta da Buzanci da Larabci. Yara za su yi mamaki, domin a Damagaram, inda gidan sarauta kansa daga Barno ya samo asali, Babarbare ne ake gani ɗan'uwa na kusa, kuma Hausa ta ari kalmomi da dama daga bakinsa. Amma aro dabam, haihuwa dabam, kuma Greenberg haihuwa ya auna.

Sannan a kawo na jiya-jiya. Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa goma, Faransanci kuma a lokacin shi ne na hukuma. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya sake baje damin: Hausa ita ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci harsunan aiki, sauran kuma aka jera su a matsayin harsunan da ake magana da su a Nijar. A wannan rabon Hausa da Buzanci, da Greenberg ya sa gida ɗaya, sun rabu, Barbarci da Fillanci da ya raba sun haɗu. Aikin gida shi ne kowane ɗalibi ya rubuta sakin layi biyu da Ingilishi a kan harsuna takwas ɗin nan, na farko ya buɗe da "according to origin", na biyu da "according to legal status", kuma a kowanne malami zai ƙirga ya ga ko takwas ɗin sun cika, babu wanda ya fito sau biyu.